Zanen Bisa Ƙofa

Maganar auren Raƙiya da Rissa a ƙofar gida ta lalace, tun baƙuwar da ta lalata ta ba ta ko sha ruwa ba.

Raƙiya ta taso daga lekol, makarantar da take koyarwa, da rana tsaka, alli duk ya ɓata mata hijabi, ta iske mutane cirko-cirko a gaban gidansu. Wannan bai dame ta ba. Tun ranar da Rissa mai fenti ya sauke tsaninsa gidan bai rabu da 'yan kallo ba. Amare na zuwa da ƙawayensu ɗaukar hoto, 'yan kabu-kabu na rage gudu, har wani mai awaki ya taɓa shagala da kallo dabbobinsa suka faɗa garkar mutane, wato lambunsu.

Gidan Alhaji Arzika, mahaifin Raƙiya, tsohon gini ne na zamanin Faransa, cikin 'yan gidajen da Nasara suka jera wa ma'aikatansu a bakin tafkin Tawa. Bango mai kauri, baranda mai baka uku, tagogin katako masu tsaga-tsaga. Shekaru sun cinye unguwar, duk ta koma launin tuwon da ya kwana, har Allah ya kawo Rissa da gwangwanayen fentinsa. Ya yi wa wannan gida shuɗi da kifaye, ya yi wa wancan rawaya da balbelu, sai ga shi da yamma ruwan tafkin ma ya zama abin kallo.

A ƙasar Adar, saurayi mai neman aure yakan tara abokansa su yi wa surukinsa gayya a gona. To, Alhaji Arzika ba ya noma, Rissa kuma bai san ta inda ake kama hauya ba. Sai ya ce shi gayyarsa a bango zai yi ta. Ya shafe gidan da tsanwa mai haske, ya zagaye bakunan barandar da ja da baƙi, a bisa ƙofa kuma ya zauna ya yi wani zane wanda bai taɓa yi wa kowa ba.

A ƙarƙashin zanen nan Raƙiya ta iske Gwaggo Halima tsaye, buhun kayanta a gefe, ta ɗaga kai sama.

Gwaggo Halima yayar Alhaji ce, a Affala ta yi zaman aurenta har ta tsufa. Ita aka aika wa ta zo ta faɗi asalin Rissa, tunda abin da aka sani game da shi bai wuce cewa maraya ne ɗan can wajen ba, wanda wani malamin lekol, Mushe Tijjani, wato Malam Tijjani da Faransanci, ya ɗauko ya raina a birni.

"Arzika," ta ce, ba ta ko sauke kai ba, "wa yay yi wanga aiki?"

Alhaji ya yi murmushi har haƙorinsa na Makka ya fito. "Yaron da nig gaya miki na, Yaya. Kin ga hannu ko?"

"Na ga hannu. Hal na gane mai shi."

Gwaggo Halima ba ta iya magana ƙasa-ƙasa ba, Allah bai ba ta wannan ba. Ta ɗaga sandarta tana nuni, kowa na ji.

"Wanga idon hawainiya na, wanga sawun dila. Su kam kowa na iya gani ga jikkar Buzaye shi kwaikwaya. Amma dubi jan layin ga da yak karye tsakiya yak koma baya. Duk Affala macce guda ta ka yin shi bisa hwata. Tina, matar maƙerin da ka gyara muna sirdin raƙumi. Matashin da nika aza kaina hal gobe, aikinta na."

"Yaya, mu shiga ciki."

"Wanda yaj ja layin ga bisa cinyatta yat tashi. Ɗan maƙera za ka ba ɗiyakka, Arzika?"

Wanda bai san ƙasar nan ba zai ce to sai me? Maƙeri shi ke ƙera maka wuƙa, shi ke yi wa matarka zobe, matarsa ke ɗinka maka jakar da kake taƙama da ita ran salla. A ci tare da shi, a yi dariya tare, a aike shi da sirrin da ba a gaya wa ɗan'uwa. Amma a ba shi ɗiya, nan ne ake tsayawa. In ka tambayi dalili babu mai kawo maka aya ko hadisi, sai dai a ce haka aka iske.

'Yan kallo suka fara sulalewa, kowa na sauri ya riga wani kai labari.

Raƙiya ta jira ta ji gabanta ya faɗi. Bai faɗi ba. Abin da ta lura da shi kawai, buhun Gwaggo ya yage a gindi, gero na zuba kaɗan-kaɗan, wata kaza ta samu aiki. Ta durƙusa ta gaida Gwaggo, ta toshe wurin da tafin hannu, ta ɗauki buhun ta shiga da shi.

* * *

Innarta, Mariama, ta ja ta ɗaki ta tura ƙofa. Tun kafin ta zauna hawaye sun riga sun wanke mata fuska.

"Gaya mini gaskiya. Kin sani?"

"Na sani, Inna."

"Tun yaushe?"

"Tun bara. Ya kai ni wurinta. Nan cikin gari take, wurin masu sana'ar hannu, can bayan tasha. Ta ba ni hura, ta ɗunka mini ɗan gidan wayag ga."

Mariama ta dafe ƙirji. "Innalillahi! Kin ci kin sha hannunta, kin dawo kin zamna kina kallonmu muna ta shirin amre? Raƙiya, ke da kika karantad da ɗiyan mutane?"

"Ni nic ce mai shi yi shiru hal a ɗamra. In an ɗamra, babu mai kwancewa."

"To ga shi bango ya hwaɗi!"

Mariama ta yi kuka mai isarta. Ta yi kukan kunyar da mijinta ya sha a bainar jama'a, ta yi na ƙannen Raƙiya mata da za a riƙa nunawa da baki, ta yi na Rissa kansa, don har ga Allah tana son yaron. Shi ne mai cire takalmi tun daga bakin baranda, shi ne ya gyara mata murhu ba ta roƙe shi ba.

Da ta gaji ta ɗago ta dubi ɗiyarta, sai tsoro ya kama ta. Raƙiya na zaune a bakin gado tana kankare alli daga farcenta.

"Ke, yi kuka mana. Ki yi kuka in san kina nan."

"Ina so, Inna. Ya ƙi zuwa."

Haka ta tashi ta ɗora tukunya. Ta yi tuwo, ta kaɗa miya, ta kai wa Gwaggo nata. Da ta sa loma a baki ba ta gane ko ta sa gishiri ba, ba ta kuma tambaya ba.

* * *

Ba a kwana da yawa ba sai ga Jibrilla.

Jibrilla ɗan Gwaggo Halima ne, wato taubashin Raƙiya. Ya daɗe a Abijan yana sayar da kayan gini, ya dawo da tumbi da turare mai riga shi shiga gida. Ya taɓa neman Raƙiya tun tana makarantar horon malamai, ta mai da abin wasan taubasai, shi kuma ya yi dariya ya koma Abijan. Ashe dariyar ta baki ce kawai.

Ya same ta a baranda tana gyaran takardun yara, ya ja kujera ya zauna, ya ajiye wani abu mai ƙyalli a kan tabarma.

"Madam, dubi wanga. Karo na, ɗan Ispaniya. In an manna shi ga bango, ruwa ba shi ci nai, rana ba ta ci nai. Na gaya ma Kawu, in ya yarda, in sa yarana su lulluɓe gaban gidan ga duka. Kowa shi huta da magana."

Raƙiya ta dubi karon, wato tayil. Fari ne tas, irin wanda ake mannawa a ɗakin haihuwa na likita.

"Shina da kyau," ta ce.

Jibrilla ya juya makullin motarsa a hannu, sannan ya sauke murya.

"Raƙiya, wallahi ba ni nit turo Inna ba. Na san mi mutane ka cewa. Ni ma gidan ga nit taɓa tsayawa nid ɗauki hoto, yaron ya iya aiki. Amma tunda abin ya zo haka, ni ina nan. Ban yi amre ba hal yau, kin kuwa san dalili."

"Na sani."

"Ba ni matsa miki. Ko ba ki so na yanzu, zama na kawo so. Ni dai ki ce wani abu."

Ba ta ji haushinsa ba, ba ta ji tausayinsa ba. Ta ga dai gumi ya tsattsafo masa a goshi, ta tashi ta kawo masa ruwan randa. Ya sha, ya yi godiya, ya tafi ya manta karonsa a kan tabarma.

Shi kuwa Alhaji Arzika, tun ranar da abin ya faru ya bar zama a barandarsa. Sai ya ɗauki buzunsa ya tsallaka hanya, ya zauna gindin itacen bedi yana jan tasbaha, fuskarsa na kallon gidansa. Masu wucewa suka ce baƙin ciki ne ya hana shi zama ƙarƙashin zanen. Mariama ce kaɗai ta gane cewa daga can ya fi ganinsa da kyau.

Ranar Laraba ya kira Raƙiya ɗakinsa, innarta na zaune.

"Ban taɓa yi miki dole ba, ba ni kuwa hwarawa yau," ya ce. "Jibrilla, in kina so, to. In ba ki so, babu mai ɗamra miki shi. Amma ba ni iya ba da ke ga maƙera. 'Yan'uwana ba su zuwa, ba su kuma sake taka gidan ga. Kin ji?"

"Na ji, Baba."

Ya ci gaba yana murza tasbaha, bai dube ta ba.

"Sai dai bango ba shi shaida gaban alƙali. Yaya Halima layi tag gani, ba ta ga haihuwa ba. Ran Juma'a bayan la'asar dattawa za su zamna nan baranda. Zan kira yaron in tambaye shi ina yas samo zanen. In yac ce ga wani matashi yag gane shi kasuwa yak kwaikwaya, ni na yarda. Shi hau shi shahe jan layin, magana ta ƙare. Ni Mushe Tijjani nis sani, shi na ubanai."

Mariama ta ɗago da sauri, fuskarta ta yi haske. "Alhaji, Allah shi saka ma!"

"Uwatai hwa?" in ji Raƙiya.

"Wace uwa? Maraya na, haka anka gaya mini." Ya yi gyaran murya. "Ta zamna inda take. Shi taimake ta a ɓoye, ba ruwana. Amma ba ta zuwa buki, ba ta zuwa suna, ɗiyanku ba su ce mata kaka."

Raƙiya ta ce to. Ta san mahaifinta ya buɗe mata ƙofar da bai taɓa buɗe wa kowa ba, ya kamata ta ji daɗi. Ta yi godiya kamar yadda ake yi, ta fita.

* * *

Ta same shi washegari da yamma a ƙarshen tafki, bayan garake, yana wanke burushinsa a cikin wani tsohon kwano. Rissa dogo ne siriri, kullum da ɗigon fenti a gemu. Yau babu, don tun ranar bai hau tsani ba. Daga inda suke ana hango gidajen unguwar a jere, shuɗi da rawaya da tsanwa, da inuwarsu kwance a ruwa.

Ta tsaya nesa kaɗan ta faɗa masa saƙon Baba, kalma bayan kalma, kamar tana yi wa yara shifta.

Da ta gama ya ɗago kai.

"In ce ban san ta ba ke nan."

"Ka ce kasuwa kag gani. Ba ƙarya ta duka ba, ai ana sai da su kasuwa."

"Raƙiya."

"Mun yi da kai za ka yi shiru. Ka ce mini to. Dom mi kas sa shi? Hure kay yi ma gidan Elhaji Mohamed, kihi kay yi ma na kusa da shi. Mu mi munka yi ma?"

Ya ajiye burushin.

"Bakina ya yi shiru, ai kin gani. Da nih hau tsani ran nan, hure niy yi niyya, wallahi. Sai nit tuna gayya ta. Mutum ba shi kai ma surukinai abin da yay yi ma kowa. Nid duba cikin kaina, mi nis sani wanda yah hi komi kyau? Shi na. Tun ban iya tahiya ba nika kallon hannunta shina jan shi."

"Ba ka san za a gane ba?"

Nan ne hawayen suka zubo masa. Bai ɓoye su da rawani ba, ya bar su suna sauka.

"Na sani. Ko ban sani ba, na yi zato. Raƙiya, tana tashi tun assalatu tana jeme hwata hal hannunta shi tsage, don in yi lekol. Da Mushe yac ce in zamna wurinai, ita tac ce in tahi, kuma kar in hwaɗi ko ni ɗan wa na. Duk gidan da niy yi ma ado garin ga, babu wanda ta taɓa shiga. Sai nig ga zan shiga gidanku in zama ɗa, ita tana waje. Nic ce ko hannunta dai shi shiga. Ko bisa ƙohwa na."

Raƙiya ta ji maganar, ta kuma san magana ce mai sa kuka. Ta tsaya tana kallon ruwan kwanon yadda ja da tsanwa suka gauraya suka koma ruwan ƙasa.

"Ni hwa?" ta ce. "Ni ina ka aje ni cikin lissahin ga?"

"Ke ta komi."

"To ka zo ka hwaɗi kalma guda. Ni zan riƙa zuwa wurinta, in kai mata ɗiyanmu a ɓoye. Babu abin da za ta rasa sai suna."

"Sai suna," ya maimaita.

"Rissa, ban iya roƙo da kuka ba, ka gani idona ya ƙahe. Amma roƙonka nika yi. In ba ka hwaɗi ba, shi ke nan, mun rabu. Baba ba shi da wata dabara bayan wagga."

Ya share fuska da hannun riga. Ya dubi gidan mai tsanwa a can ƙetare.

"Ina zuwa," ya ce.

"Za ka hwaɗi?"

"Na ce ina zuwa."

Ta juya ta kama hanya. A tsakiyar garake wata mata ta yi mata tayin ganyen salati, wato latas, ta tsaya ta saya, don ta tuna babu a gida.

* * *

Ran Juma'a bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi a baranda. Dattawan dangi suka zauna, limamin unguwa na tsakiya, Mushe Tijjani a gefe ya sunkuyar da kai. Gwaggo Halima ta sa an kawo mata kujera bakin ƙofa, wai ƙafarta ba ta son tabarma. Jibrilla bai shigo ba, ya tsaya jikin motarsa can gindin bedi.

Raƙiya na cikin ɗakin da ke kallon baranda, ta tsagar tagar katako take ganin komai. Innarta na bayanta tana ta salati.

Rissa ya zo a ƙasa, da farar riga, da ɗan gwangwanin fenti mai tsanwa a hannu. Da Mariama ta hango gwangwanin ta matse hannun ɗiyarta. "Alhamdu lillahi. Shahewa za shi yi."

Ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaida kowa. Liman ya yi addu'a. Alhaji ya gyara zama zai fara magana ke nan, sai aka ji sallama daga bakin hanya.

Wata 'yar tsohuwa ce, ƙarama, cikin baƙin zane na Buzaye da ya koɗe. Tafin hannunta ya rine da jan da ake rina fata. Babu wanda ya kira ta. Labari dai ya zaga gari har ya kai bayan tasha.

Rissa ya yunƙura zai tashi, ta yi masa wani kallo, ya koma ya durƙusa.

Tina ta cire takalmanta a ƙasan matakala. Kafin ta hau sai idonta ya kai bisa ƙofa. Ta tsaya. Duk rayuwarta a kan fatar da ba ta fi tafin hannu biyu ba take jan layin nan, yau ga shi ya fi ta tsawo, a gaban gidan masu gari. Ta sauke kai, ta hau, ta zauna a can bakin tabarma inda siminti ya fara.

"Halima, kina lahiya?" ta ce.

Gwaggo ta amsa ciki-ciki. "Kun gani ko? Ga ta nan da ƙahwatta."

"Ni na zo in hwaɗi gaskiya," in ji Tina. Hausarta a hankali take fita, tana ɗaukar kalma ɗaya-ɗaya. "Aikin ga nawa na. Halima ba ta yi ƙarya ba. Yaro ya gani wurina. Amma yaro ba nawa ba."

Sannan ta ci gaba.

"Shekarar yunwa, wata macce ta zo, baƙuwa, ɗiyar mutane. Ta mutu kusa ga bukkarmu. Ta bar jinjiri. Ni na ɗauka, na ba shi nonon akuya. Ba ni na haihe shi ba. Ba jinin maƙera ba. Ku ba shi ɗiyarku."

"Ƙarya ta!" Gwaggo ta buga sanda. "Ni nag gane ki da cikinai!"

"Wancan ya mutu," in ji Tina, ba ta ko ɗaga murya ba.

Raƙiya ta dubi goshin tsohuwar, ta dubi na Rissa. Ko makaho ya shafa ya san ɗaya ne. Kowa a barandar ya gani, kuma babu wanda ya ce ya gani. Liman ya kawar da kai yana shafa gemu. Alhaji Arzika ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, irin ta wanda aka sauke wa kaya.

"To, alhamdu lillahi," ya ce da sauri. "Kun ji daga bakinta. Riƙo ba haihuwa ba na. Rissa, ɗana, haka maganar take?"

Ba a ma nemi ya yi ƙarya ba yanzu. An riga an yi masa ita, an shimfiɗa, i kawai zai ce. Mariama ta rungume ɗiyarta ta baya. Abin da Raƙiya ta roƙa a bakin tafki ne ya zo, har ya fi yadda ta roƙa sauƙi.

Sai ta ji wani abu ya motsa a ƙirjinta, karo na farko tun ranar da Gwaggo ta sauka. Tsoro ne. Tsoro take kar ya ce i.

Rissa bai dubi Alhaji ba. Tsohuwar yake kallo, ita kuwa ta kafe idonta a siminti, ta dunƙule jajayen hannuwanta cikin zane.

Ya ajiye gwangwanin a hankali. Ya miƙe.

"Anna," ya ce, wato Inna da harshensu, kuma ya faɗa da ƙarfi yadda har na gindin bedi ya ji. "Tashi mu tahi gida."

Tina ta girgiza kai, ta yi masa magana da Buzanci, da sauri, da faɗa. Ya sunkuya ya kama hannunta ya ɗaga ta. Nan tsohuwar ta fashe da kuka, tana dukan ƙirjinsa da ɗan hannunta.

Alhaji Arzika ya rufe fuska da tafin hannu. "Shi ke nan," ya ce. "Allah ya gani na yi iyakar yi na."

Raƙiya ba ta san lokacin da ta zame daga hannun innarta ba. Ta dai ga kanta a baranda, ba ko hijabi sai ɗan mayafi, tana ratsa tsakanin dattawa. Ta wuce Gwaggo, ta wuce mahaifinta, ta sauka matakala.

Takalman Tina na nan inda ta bar su, ɗaya ya kife. Raƙiya ta durƙusa har ƙasa, ta kakkaɓe su da gefen mayafinta, ta juya su ta jera a gaban ƙafafun tsohuwar, kamar yadda matar ɗa ke yi wa uwar mijinta.

"Raƙiya!" in ji Alhaji. "Tashi ki shiga gida."

Ta ji shi sarai. Hawaye na ɗiga a kan takalman, sai daga baya ta gane nata ne.

"Sa ƙahwakki, Inna," ta ce wa Tina. Ba ta tashi ba.